Bishiyar Baffa Dakta Ba Ta da Mata

Ni ce na buga wa Baffa Dakta bishiyar danginmu, shi ya sa na san abin da ke cikinta. Kakanni goma sha ɗaya, duk maza, da adon ruwan zinare a gefe. Baffa ƙanin mahaifinmu ne. Laƙabin Daktan nan kuwa a wani taron kwana uku ya samo shi, har da hula mai igiya.

Ni aikina fotokofi. Aji uku na bar makaranta, amma duk takardar da ta bi ta cikin injina sai na karanta ta. Ɗaliban likita suna kawo nasu da yawa, kuma ba su san suna koyar da ni kyauta ba.

Ƙanwata 'Yar Tsakiya tana da shekara goma sha biyu gwiwarta ta kumbura. Aka ce kansar ƙashi ce. An yi mata aiki, an yi ƙarin magani, gashinta ya zube ya dawo a murɗe, yanzu har tana rigima da mu kan rimot. Sai likitarta ta ce mu zo da tarihin dangi. Ta ce yawancin irin wannan ciwo ba gado ba ne, amma wani lokaci akwai ƙwayar gado guda da ke hana kansa tashi a jiki, idan ta uwa ko ta uba ta zo da tawaya, kowane ɗa yana iya ɗauka, rabi da rabi. Mama ba ta ji komai ba sai "kowane ɗa". Ta juya ta kalli Auta, mai shekara shida, tana ta lilo da ƙafa a kan kujera.

Ranar komawa Baffa ya iso da bishiyarsa cikin ƙaton firam. Sai da aka buɗe masa ƙofar ofis gaba ɗaya.

"Abokiyar aiki," ya ce wa likita, "ga jininmu nan. Ki duba da kyau. Idan akwai matsala, to daga wani wajen ta shigo." Ya ɗan kalli Mama.

Likita ta duba tun daga sama har ƙasa. "Ina matan?"

"Wane mata?"

"Waɗanda suka haifi waɗannan."

"Ai sun yi aure," in ji Baffa.

Na sa hannu a jaka na fito da tawa. Takarda ɗaya ce, bayan wani fom da ya lalace a inji. A takardun ɗalibai na ga yadda ake yi: namiji ɗan akwati, mace ɗan zobe, wanda ya yi ciwon a cike shi da baƙi, a rubuta shekarunsa a ƙasa. Sati biyu na yi ina zama gaban Kaka, mahaifiyar su Baffa, ina matsa mata ƙafa tana ba ni labari. Kaka ba ta riƙe lambar wayarta, amma ta san wa ya rasu yana goyon wa.

"Wannan zoben Goggo Babba ce," na ce. "Ciwon nono, shekara talatin da ɗaya. Wannan Goggo Ƙarama, shi ma nono, ashirin da tara. Wannan akwatin Babanmu ne, ƙari a kai, talatin da takwas. Wannan ƙanwar kakanmu ce, ƙafarta ta kumbura tana budurwa."

Likita ta gyara zama. Ta jawo takardar, ta bi layin da biro, ta sake bi. Wallahi idonta har ƙyalli yake.

"Wa ya koya miki wannan?"

"Inji."

"Wane inji?"

"Na fotokofi."

Ta kira wata abokiyar aikinta ta gaske daga ofishin gefe. Su biyu suka duƙa kan bayan fom ɗina suna magana da sauri. Baffa yana tsaye rungume da firam, ba wanda ya ce ya ajiye. Ni kuwa na haɗe fuska, kada a ce ban saba ba.

Aka ɗebi jinin 'Yar Tsakiya. Sakamako ya nuna tana ɗauke da ƙwayar mai tawaya, don haka za a riƙa duba ta a kai a kai, a kama duk abin da ya taso tun yana ƙarami. Tun da an san abin da ake nema, sai aka ɗebi na Auta. Sati biyar muka jira. Mama ta yi ta taɓa gwiwar Auta har ta fara gudu in ta gan ta.

Ina shago da rana, ina tsakiyar buga wa wani takardun neman aiki, wayar Mama ta shigo. Ba ta yi sallama ba.

"Ba ta ɗauka ba."

"Mama, sake faɗa."

"Auta ba ta ɗauka ba. Likita ta ce babu."

Na danna kwafi ɗari a maimakon goma. Mutumin ya tsaya yana kallon hoton fuskarsa yana fitowa ɗaya bayan ɗaya, ni kuma ina tsalle a bayan kanta, takalmi ɗaya a ƙafa. Na ce ya kwashe duka, ya nemi aiki a ko'ina.

Da na isa gida Mama tana kuka tana dariya, 'Yar Tsakiya tana kaɗa sandar da take dogarawa a kan bokiti, Auta kuma tana tambaya ko yanzu an daina taɓa mata gwiwa.

Washegari Baffa ya zo shago ba firam. Ya jira layi ya watse, sannan ya matso ya rage murya. Yana da 'ya'ya huɗu.

"Wannan gwajin, ni ma ana yi mini?"

"Ana yi. Ni ma ranar Litinin za a ɗebi nawa. Mu tafi tare."

Ya gyaɗa kai. Sannan ya ce in sake buga masa bishiyar, in sa matan.

"Da zobba?"

"Da zobba. Amma ki bar mini zinaren."