Tsakar da Ba Ta Hawa Bango

An tura Malam Amos kwas a Samaru don ya koyo feshin auduga, sai ga bawan Allah ya dawo da son ƙadangaru. Ran nan ya shigo gida daga wata gona a bayan Dayi, rungume da gwangwanin madara kamar an ba shi riƙon jinjiri.

"Maman Yunis, zo ki ga ikon Allah. A gindin suri na tono ta."

Matarsa Liatu ta leƙa, ta ja da baya. Tsaka ce mai ratsin ƙasa-ƙasa, ga wutsiya suntum kamar ɗan dankali.

"Ba irin ta ɗaki ba ce," in ji shi. "Tsaka ai iri-iri ce. Wannan a ƙasa take zama, gara take ci, kitse kuma a wutsiya take tara shi kamar tozon sa. Malaminmu ya ce wanda ya samu ya kai masa da ranta."

"To kai masa yau."

"Sai dai Asabar."

Asabar ina! Kafin gari ya waye sau biyu, unguwa ta ɗauka cewa ana kiwon tsaka a gidan mai kunu. Kowa kuwa ya san abin da ake faɗa: tsaka ta faɗa cikin abinci, sai kuturta. A bakin wasu hira ce, amma ba a wurin Liatu ba. Uwarta shekara bakwai ta yi a asibitin kutare na mishan, ita kuma sai da ta shekara biyar tana dama kunu a bakin titi kafin mutane suka saki jiki da ludayinta. Yanzu kwana biyu ke nan tana mayar da tukunya gida a cike. Abin ya yi mata ciwo ƙwarai.

Amos ya ce zai fito da littafi ya yi wa jama'a bayani, don ko ta ɗakin ma ƙarya ake yi mata. Liatu ta dube shi sama da ƙasa.

"Ka ce ba ta hawa bango?"

"Ko kaɗan."

"To ajiye littafinka."

Da hantsi ta fito da tukunyar kununta, ta juye tsakar a cikin farin kwano mai zurfi, ta dire shi gaban Tsohuwa mai ƙosai, wadda in ta ce abu ba ya ciwuwa a Dayi, to ko akuya sai ta yi tunani. Mata suka taru daga nesa-nesa, Amos kuma ya tsaya daga gefe.

"Inna, ki zuba mata ido. In ta fito, na bar kunu har abada."

Liatu kuwa, ita ma maganar Amos kawai ta riƙe, mutumin da ya taɓa rantsuwa ba za a yi ruwa ba ranar da ta shanya gero.

Tsakar ta yunƙura, ta zame. Ta sake kartar kwano da 'yan faratanta, ta sulalo. A karo na uku ta kwanta abinta, ta lumshe ido.

Tsohuwa ta sunkuya. "Ke, ƙifta ido take yi. Tunda uwata ta haife ni ban ga tsaka ta ƙifta ido ba."

"Ai tana da fatar ido, Inna," in ji Amos, "kuma tafin ƙafarta ba ya manne wa..."

"Yi mana shiru, Malam, kai ka jawo." Ta ƙara duban kwanon, ta taɓe baki. "Wannan raguwar, ko ɗaga ta aka yi ba ta kai bakin tukunya ba."

Sai ta miƙa hannu. Ba ƙoƙonta ta ɗauko ba, ludayin Liatu ta karɓa, ta kamfato kunu, ta kafa kai a gaban kowa har ta shanye. Ta goge baki da gefen zane.

"Tsamiya ta yi yawa, 'yar nan. Ƙaro mini."

Liatu ta duƙa za ta ɗebo, ba ta ma ganin bakin tukunyar saboda hawaye.