Muryar da Ta Shigo Ta Gem

Tana guga a ɗaki da la'asar ta ji muryar namiji a falo. Mijinta yana wurin aiki, ƙofa kuma ita ta kulle da hannunta. Daga ita sai Auta, 'yarta mai shekara bakwai, da ta bari tana wasan tseren mota a talabijin.

"Wace makaranta kike zuwa?" in ji muryar, a tausashe.

Ta fito da dutsen guga a hannu, igiyarsa na jan ƙasa. Ba kowa a falon sai yarinyar, ta miƙe ƙafa a kan kafet.

"Ke da wa kike magana?"

"Abokin Abba ne, Umma. Har ya san gidanmu ne mai koren get."

"Maman Auta, sannu da gida," muryar ta ce daga talabijin.

Ba ta san lokacin da ta fizge wayar talabijin daga soket ba. Ta rungumo Auta, ta kira mijin. "Abban Auta, ka zo yanzu. Wani yana cikin gem ɗinka."

Kafin ya iso, ta leƙa taga ya fi sau goma. Laifin kanta take gani. Da can faya-fayan gem mijin yake saye, a saka a yi wasa a cire. Ita ta dame shi da mita cewa sun cinye mata wuri a kantar falo, har ya sayar da su bara, ya koma sauke wasanni ta intanet. Tun daga nan na'urar gem ɗin ba ta rabuwa da intanet.

Ya shigo ko takalmi bai cire ba. Ya gwada shiga akawun ɗinsa na gem ta waya, aka ce lambar sirrin ba daidai ba ce. Ya sake, haka. An canza har imel ɗin.

"Me da me ke ciki?" ta tambaya.

"Wasannin duka. Adireshinmu. Da hoton Auta da na saka."

Kamfanin gem ɗin suka ce a jira bincike. 'Yan sanda suka rubuta, suka ce wataƙila mutumin yana wata ƙasa. Wannan "wataƙila" ita ta hana ta sukuni. Ta je ta gargaɗi shugabar makaranta kada a ba kowa yarinyar, ko da ya ce shi kawunta ne.

Akawun ɗin bai dawo ba. Da Auta ta ishe su da kukan gem, uwar ce da kanta ta je shagon mai tsofaffin faya-fayai.

"Wannan yana buƙatar intanet?"

"Ko kaɗan, Hajiya."

"Ka tabbata?"

Sai da ya cire wayar intanet ɗin shagon, ya kunna mata wasan a gabanta, sannan ta karɓa. A hanyar komawa wani mai babur ya rage gudu kusa da su, ta damƙe hannun Auta har yarinyar ta ce, "Umma, zafi!" Kwatancen asibiti kawai yake nema.