Dutsen da Aka Ba Haladu Amana

Duk wanda ya san ƙasar Haɗeja ya san ba ƙasar dutse ba ce. Ka tashi daga Guri ka yi ta tafiya har ƙafarka ta kumbura, ba za ka samu tsakuwar da za ka jefi kare da ita ba. Daga rairayi sai laka, sai kuma ruwa idan lokacinsa ya yi. Dutsen niƙa ma fatake ke kawo shi daga nesa, mace ta gada wajen uwarta, ta bar wa 'yarta. To, a irin wannan ƙasa ne, 'yan shekaru bayan jirgin ƙasa ya fara wucewa ta Birniwa, Baturen hanya ya ce za a gina gada a kan wani rafi kusa da Kirikasamma, don motar gyaɗa ta daina kafewa. Aka yi ta sauke dutse a tasha, jakuna na kwasowa, har ya zama tsibi a bakin ƙauyen su Haladu.

Haladu manomi ne, bai san wata sana'a da ta wuce fartanya ba, amma shi dagaci ya zaɓa ya tsare dutsen, saboda an san shi da riƙon amana. Shi ma ya san an san shi da haka, kuma abin yana yi masa daɗi fiye da yadda ya kamata. Shi ya nuna inda za a zuba, wani fako mai ɗan tudu a gefen rafin, inda suke tara dammunan gero da kaka. Baƙar ƙasa ce wadda rana ta gasa har ta tsattsage, ko gatari da ƙyar yake kama ta, kuma tun zamanin kakanni ruwa bai taɓa hawa kanta ba.

Dutsen iri biyu ne. Garba, maginin da aka ɗauko daga wajen Kano, shi ya nuna wa Haladu bambancinsu. Akwai mai kaushi, mai dabbare-dabbare, wanda idan ka kai shi kusa da ido za ka ga ƙwayoyi uku a cakuɗe: wata fara mai haske kamar gishiri, wadda ko wuƙa ba ta kankare ta, wata ja-ja kamar jar kanwa, sai wasu 'yan baƙaƙe masu ƙyalli da farce ke iya ɓarewa. Wannan shi za a sassaƙa a jera ƙafafun gada. Ɗayan baƙi ne wuluk, sumul, ba a ganin ƙwayarsa, ga nauyin tsiya, shi za a farfasa a gauraya da siminti. Garba ya ce Bature ya gaya masa dukansu da can narkakku ne a cikin ƙasa don tsananin zafi. Wanda ya huce a hankali shi ya yi manyan ƙwayoyi, wanda ya huce da sauri bai samu sukuni ba. Haladu ya ce Allah mai iko, amma a ransa ya ɗauka irin zuƙin Kanawa ne.

Damina ta matso, ba a gini cikin ruwa, sai Garba ya koma gida ya jira kaka. Kafin Bature ya tafi ya sa tafinta ya gaya wa Haladu cewa duk abin da ya ɓace a wuyansa yake. Haladu ya taɓa ganin an ɗaure wani da igiya a ƙugu an ratsa kasuwa da shi zuwa gidan hakimi, kuma tun ranar ya ce gara ya mutu da a yi masa haka. Don haka ya ɗauki wuƙa ya yi tsaga a jikin wata goriba da ke gefen tsibin, daidai inda kan tsibin ya tsaya.

Mutane kuwa suka mai da wurin abin kallo. Mata su biyo daga rijiya su tsaya suna shafa mai kaushin, suna cewa wannan da zai ci gero ba gardama. Wani ya ƙaga cewa ƙyallin nan azurfa ce, shi ya sa Bature ya sa mai gadi, maganar kuma ta zauna. Har Bunu masunci, yayan Saude matar Haladu, ya zo ya roƙi guntun baƙin, wai zai ɗaura a igiya ya riƙa tsai da kwalekwalensa a tsakiyar ruwa. Haladu ya ce ba nasa ba ne. Bunu ya yi dariya, ya ce ko Baturen ba zai kai shi rowa ba, ya wuce abinsa.

Ruwa ya zo kamar yadda ya saba, ya cika rafi, ya malale fadama, ya tsaya a gindin tudun bai hau ba. Wata safiya Haladu ya dubi goriba ya ga tsagar ta ɗan fi tsibin tsawo. Ya ce duwatsun ne suka zauna da kyau. Da ya sake dubawa bayan kasuwa ta zago, sai ya ga tafin hannu guda zai shiga tsakani.

Bai gaya wa kowa ba. Ya kafa bukka ya tare a wurin, ya bar gonarsa ciyawa na ci. Ya riƙa share ƙasa kewaye da tsibin da reshen itace don ya kama sawu, amma daga na belbela sai nasa. Duk da haka tsibin na ta yin ƙasa, daga daidai wuyan Haladu zuwa ƙirjinsa, daga ƙirji ya doshi cibiya.

Daga nan Haladu ya lalace. Wanda ya gaishe shi da fara'a, ya ce borin kunya ne. Wanda ya wuce bai tsaya ba, ya ce ba zai iya haɗa ido da shi ba ne. Idan ya ji ƙarar niƙa daga wani gida sai ya kasa kunne, wai ko zai gane ta sabon dutse ce, shi da bai taɓa niƙa ko cikin cokali ba. Ya tuna Saude ta taɓa cewa nata dutsen ya suɗe, sai ya bari ta tafi ɗiban ruwa ya shiga ɗakinta ya ɗaga gado, ya leƙa bayan tukwane. Bai ga komai ba. Ya ji kunya ƙwarai, amma kunyar ba ta hana shi sake leƙawa ba bayan kwana biyu.

A ƙarshe ya zauna ya yi tunani irin na mai hankali, kuma tunanin ne ya kai shi ya baro. Tunda ba sawu a ƙasa, ta ruwa ɓarawon ke zuwa. Dutse mai wannan nauyi sai babban kwalekwale, kuma a ƙauyen mutum ɗaya ke da shi. Mutumin nan ya taɓa roƙa an hana shi. Ƙanwarsa kuma ita ke kawo wa Haladu abinci, ta san lokacin da yake barin wurin ya tafi masallacin Juma'a. Haladu ya gangara mashigi yana addu'ar kada ya ga komai, sai ga baƙin dutse kamar kan jariri ɗaure da igiya a cikin kwalekwalen Bunu.

Ya so ya yi shiru, don yana ƙaunar Bunu, wanda shi ya tsaya masa lokacin neman aurensa. Amma a makon nan saƙo ya iso cewa ruwa na janyewa, Bature na tafe. Haladu ya dubi tsibin, ya ji kamar igiyar ta riga ta zagaye ƙugunsa. Ya sa rigarsa ya tafi ƙofar dagaci.

Da aka kira Bunu bai musa ba. Ya ce a hanyar tasha ya tsinci dutsen, inda ya faɗo daga mangalar wani jaki, tun kafin ruwa ya zo. Dagaci ya tambaye shi ina sauran. Ya ce wane saura? Aka ce masa rabin tsibi ya tafi, ko dai ya sayar wa matan Guri, ko ya kai wa maƙera su fitar da azurfa. Bunu ya juya ya dubi mijin ƙanwarsa.

"Haladu, kai ka faɗi wannan da bakinka?"

Haladu bai dube shi ba, ya fuskanci dagaci. "Ranka ya daɗe, abin da idona ya gani na faɗa."

Ranar kasuwa ce. Aka ɗaura wa Bunu igiya za a kai shi gidan hakimi, aka bi da shi ta cikin masu sayar da busasshen kifi, mutanen da suka saba sayen kamunsa. Saude ta bi su har bakin gari ba ta yi kuka ba. Da ta dawo ta naɗe tabarmarta, ta ɗora tukwanenta a ka ta tafi gidan uwarsu. Haladu ya gaya wa kansa fushin mata ne, za ta huce idan gaskiya ta fito. Abin da ya ɗan dame shi kawai, washegari da ya dubi goriba sai ya ga kamar tsibin ya ƙara yin ƙasa. Ya ce idonsa ne.

Garba ya riga Bature isowa, da leburori. Suka fara ɗiban dutsen suna kaiwa bakin rafi, har suka kai ƙasa. Wani lebura ya ciro ɗaya daga cikin laka, ya ga kan wani a ƙarƙashinsa. Ya ciro wannan, ga wani. Aka kawo shebur aka yi ta tona, dutse na fitowa, mai kaushin a sama, baƙin mai nauyi ya fi nitsewa, har mai tonon ya shige rami zuwa ƙugu. Ruwan da bai hau tudun ba ya shige ta ƙarƙashi ya jiƙa baƙar ƙasar, ita kuwa ta yi ta haɗiye abin da aka ɗora mata.

Garba ya riƙe ciki don dariya, bai san abin da ya faru bayansa ba. Ya ce wa ya ce a jibge dutse a kan laka, ko an ɗauka damin gero ne? Babu wanda ya taya shi. Mutanen ƙauyen da suka taru duk Haladu suke kallo. Shi kuwa abin da ya fi ba shi tsoro, da ya ga dutsen farko ya fito ba murna ya ji ba. So ya yi a ce ba a tona ba.

Dutse ya cika cif, Bature ya zo ya gani ya ce madalla. Dagaci ya aika aka sako Bunu, ya dawo a rame, bai shiga gari ta kasuwa ba. Haladu ya wanke lakar ƙafarsa ya tafi gidan surukarsa da la'asar. Ya yi sallama ya daɗe a tsaye kafin Saude ta fito zaure. Ta gaishe shi kamar yadda ake gaida baƙo.

Ya ce mata an ga dutsen, duk yana nan, ƙasa ce ta ci. Ya ce Yaya Bunu bai ɗauki komai ba, ya zo ne ya gaya mata da bakinsa, ya kuma nemi gafara. Yana magana yana kallon fuskarta, yana jiran ya ga ta saki.

Ta bari ya gama tsaf.

"Malam, ai ni ban taɓa zaton Yaya ya ɗauka ba," in ji ta. "Kai ne ba ka yarda da mu ba sai da aka tona rami."

Ta ce a gaida gida, ta koma ciki.