Ranar da Na Dasa Rumasa'u

Daren jiya na yi wani mafarki da har yanzu yake sa ni murmushi. Na kwanta ne da damuwa. 'Yata Rumasa'u ta gama karatun jinya, ta daɗe tana neman aiki, kuma ta ce ba za ta je ganawar da aka kira ta yau ba, don ta gaji da dawowa haka nan.

Sai ga ni a wani gari, ina riƙe da ita a tafin hannuna. Ta koma kamar dashen tumatir, 'yar siririya, da koren mayafi.

"Baba, kada ka matse ni," in ji ta.

Ofishin ɗaukar ma'aikata na garin lambu ne. An dasa masu neman aiki har gwiwa, kowa takalminsa a gefensa. Na yaba tsarin layin, don ban taɓa samun irinsa a ajin da nake koyarwa ba.

Shugabar ofishin akuya ce mai tabarau, tana zaune tana taunar labulen taga.

"Ranki ya daɗe, iri na kawo."

"Ta taɓa nuna?"

"Ai ba a dasa ta ba tukuna."

"Mu ba ma dasa irin da bai taɓa nuna ba, Malam."

"To a ina zai fara nuna?"

"A inda ya nuna a baya."

Na ga amsar ta fito a natse, sai na ba ta maki mai kyau. Duk da haka na faki idonta, na haƙa rami a bakin kunya, na yi bismillah, na dasa Rumasa'u, na danna ƙasa a hankali.

Nan take ta yi yaushi. Kanta ya sunkuya, mayafin ya kwanta a ƙasa. Akuyar ta taso tana lasar baki.

"Duk wanda ya yi yaushi na ofis ne. Da shi muke abincin rana."

Na tare ta da rigata. "Haba Hajiya! Kowane dashe sai ya yi yaushi kafin ya kama. Ki bari la'asar ta yi, rana ta yi sanyi."

"La'asar ta tafi kasuwa."

"Za mu jira ta."

Muka jira. Na tsaya ina yi wa Rumasa'u inuwa da hulata, akuyar kuma ta cinye mini aljihu don rage lokaci. Can sai ga la'asar a kan keke, tana ba da haƙuri, wai layin niƙa ne ya tsare ta.

Daga zuwanta ruwa ya kece. A garin daga ƙasa yake tsattsafowa ya nufi sama. Wani liman yana tsaye a cikin lemarsa don kada ya jiƙe, yana ƙwala mini kira.

"Malam, yi sauri! Duk mai addu'a ya ɗora, yanzu za a tashi!"

Lambu ya kaure da murna. Kowa yana kama ɗigon ruwa, ya raɗa masa buƙatarsa, ya sake shi. Na zaɓi wani ƙato, na ce, "Ya Allah, ka miƙar mini da yarinyar nan." Ya tashi, hulata ta bi shi, ina ta dariya kamar ɗan aji ɗaya.

Da na waiwaya, Rumasa'u ta miƙe. Ta wuce kafaɗata, ta wuce katanga, jajayen tumatir suna lilo a kunnuwanta.

"Baba, ina hango gidanmu! Ka bar ƙofar lambu a buɗe!"

Akuyar ta gyara tabarau, ta hau teburi don ta faɗi hukunci. Ta buɗe baki, sai ƙarar bokiti ta fito, ƙwal, ƙwal.

Na farka. Gari ya waye, Rumasa'u ce a bakin famfo tana tarar ruwan wanka, ta rataye gogaggun kayanta a igiya.

"Ina kwana, Baba. Na sake shawara, zan je. Ko ba su ɗauke ni ba, su ga fuskata." Ta dube ni. "Me kake kallo a ƙafata?"

"Ba komai," na ce. "Yi maza ki shirya. Allah ya sa ki kama."