Amshin Matan Modibbo Sadiyatu

Kun gani. Kada wanda ya ce bai gani ba. Lokacin da guntun bidiyon nan ya zagaye wayoyin Sakkwato, tsohuwa tana rera waƙar karatu an ɗora mata kiɗa, wasunku sun yi dariya, wasu sun tura gaba, mafi yawanku kuka ce Allah ya kyauta kuka ci gaba da cin tuwonku. Ba wanda ya tambayi ko wace ce, balle abin da ya same ta bayan nan.

Sunanta Modibbo Sadiyatu, a Ƙofar Rini take. Tun da ƙuruciyarta take karantar da mata yadda ta gada wurin mahaifiyarta: ta ja baiti, mata su amsa, ita kuma ta kasa kunne ta kamo wadda ta kauce. Alwala, wankan gawa, jinin biƙi, duk hukuncinsu a cikin waƙa yake. Da ciwon ƙafa ya kwantar da ita, aure da ƙaura kuma suka watsa ɗalibanta unguwannin Mabera da Minanata, sai ɗanta Maccido, tsohon ma'aikacin gwamnati, ya ce ai abu ne mai sauƙi, a haska ta kai tsaye a dandalin sada zumunta.

Matan suka taru a gida biyu suna kallo, aka bar waya a buɗe don ta ji su. Ta ja baiti. Shiru. Ta jira. Shiru. Sai da ta shiga na biyu sannan amshin na farko ya faɗo mata a ka. Kafin mako ya zagayo kuma wani marar kunya ya yanko muryarta ya mai da ita abin wasa.

"Na rufe," in ji Modibbo. "Karatun da ba a amsawa wa'azi na, ni ko ban iya wa'azi ba."

Gida ya karɓi maganar da sauƙin da ya ƙona ran jikarta Fauziyya. Kowa sai ya ce ai ta tsufa, gara ta huta. Fauziyya kwamfuta ta karanta a jami'a, ta kuma san waƙoƙin nan ba wanda ya haddace su duka sai tsohuwar. In ta yi shiru, sun tafi ke nan.

Ta kama saba, wato kwamfuta can nesa wadda ba ta barci, ta fara harhaɗa mata manhajar haska bidiyo. Maccido ya same ta a baranda da hantsi, ya leƙa allon.

"Ke ɗiyar ga, mi kika yi wanda ban yi ba?"

"Bappa, naka motar tasha ta. Sai ta cika take tashi, shi ya sa magana ka makara. Nawa kabu-kabu na. Kalma na fita baki, yat tafi da ita."

"To, direba. Allah shi tsare hanya."

Hanyar ba ta tsaru da wuri ba. Hoto ya zo, sauti ya ƙi, don burauza, manhajar shiga shafukan intanet, ba ta yarda ta buɗe makirfo ga shafin da ba shi da shaidar tsaro. Ta nemo shaidar ta ɗora, ɗan kwaɗo ya bayyana a gefen adireshi. Sannan waya ɗaya ta shiga, wata a kan wani layin ta ƙi, sai da ta gano ƙofofin sabar da ba ta buɗe ba. Daga ƙarshe ta yi wa kowane gida mabuɗinsa, wanda yake mutuwa da an shafa fatiha. A Mabera, Inna Mairo, babbar ɗalibar Modibbo, ta ce sauran aikin nata ne: duk wadda ta zo, wayarta a ƙwarya a bakin ƙofa, kada a sake ɗaukar murya.

Da Fauziyya ta kai wa kakarta bayani, tsohuwar ko ɗago kai ba ta yi ba.

"Kwaɗon da ba ni iya taɓawa? Kira min Maccido shi shiga. In yas shiga, kowa na shiga."

Maccido ya gyara tabarau, ya danna, ya sake dannawa. Shafin ya ce ba shi da izini.

"Ni? Cikin gidan ubana?"

"Karatun mata na, Bappa."

Modibbo ta yi dariyar da aka daɗe ba a ji ba, har da tari. "Sau guda," ta ce. "In sunka bar ni ina magana da bango, kada ki ƙara kawo min shi."

Ranar Asabar aka jingina ta da matashi, aka sa mata farin mayafi. Allon ya rabu biyu: mata cike da tsakar gida a Mabera, wasu a ƙarƙashin rumfa a Minanata, har da masu goyo. Modibbo ta yi bisimilla, ta rufe ido, ta ja baitin farko da muryarta mai rawa.

Ba ta gama sauke numfashi ba amshi ya cika ɗakin.

Fauziyya ta san yadda abin yake aiki, ita ta haɗa shi da hannunta. Duk da haka tsikar jikinta ta tashi. Muryoyin nan sun bar Mabera, sun bi iska da waya zuwa wata ƙasa da ba wadda ta taɓa takawa a cikinsu, sun dawo Ƙofar Rini kafin tsohuwa ta haɗiye yawu. Modibbo ta buɗe ido ta dubi kusurwoyin ɗakin kamar mai neman inda aka ɓoye mutane. Leɓenta ya motsa da tasbihi. Ta ja na biyu, aka amsa. Ta ƙara sauri, suka bi ta. Kafaɗunta suka miƙe, hannunta ya fara buga cinya.

A tsakiyar waƙar alwala ta ɗaga yatsa.

"Tsaya! Minanata, ku maimaita ku kaɗai." Suka maimaita. "Balkisu! Ke ta. Kin shafi kai ba ki wanke hannu ba. Da jikokinki kina wanga?"

Daga cikin rumfar wata dattijuwa ta rufe fuska da mayafi. "Modibbo, haƙoran ne sunka zube!"

"Haƙora ka alwala?"

Dariya ta tashi a unguwa uku lokaci guda. Fauziyya ta juya fuska ga bango tana share ido.

Bayan fatiha Modibbo ta daɗe tana kallon allon da ya yi duhu. Sannan ta ce, ba tare da ta dubi kowa ba, "Ki gaya musu Asabar mai zuwa wankan gawa za mu shiga. Wadda ta makara, ina ganinta."

Kai mai karatu, a layinku ma akwai wata tsohuwa ko wani tsoho da abin da ke kansa ba ya kan kowa. Ka san gidan. Tashi yau ka yi sallama, ka zauna a ƙasa, ka tambayi abin da ya hana shi karantarwa. In ka iya na'ura, tafi da kwamfutarka. In ba ka iya ba, riƙo hannun wanda ya iya ku tafi tare.