Sharaɗin Barista Halliru

Nahum ya cafke wuyan hannun Zahraddeen daidai lokacin da yatsansa ke shirin sauka a kan wayar.

"Dakta, sake ni mana. Sanarwa kawai zan saka a group."

"Ba yanzu ba."

A bakin ƙofar Barista Halliru suke tsaye, a wani dogon bene na unguwar Wangsa Maju a Kuala Lumpur, inda jirgin ƙasa na saman gada ke wucewa ta bayan taga yana kaɗa cokula a cikin faranti. Barista na kwance a ciki, an lulluɓe shi da zanen gadonsa mai ratsin shuɗi. Da hantsi ya cika, bayan ya nemi shayi bai samu sha ba. Likita ya zo ya tabbatar da abin da kowa ya riga ya gani, ya tafi. Dattawan Malay na ƙaramin masallacin da ke ƙasan benen sun hau, sun yi addu'a, sun ce wanka da mota da kabari duk a bar musu, boleh, ba komai. Mutane kawai za a kira.

To kiran mutanen ne rigimar. Rufaida, 'yar Barista tilo, tana sama a lokacin. Ta taso daga Kano da niyyar jinya, ta sauya jirgi a Doha, sai wajen azahar za ta sauka. Kuma abu na farko da mai sauka daga jirgi ke yi a zamanin nan, kafin ma ya gode wa Allah, shi ne kunna waya.

Zahraddeen shi ne shugaban ƙungiyar 'yan Arewa mazauna birnin, ɗalibin digiri na uku da ya daɗe a kansa har malamin da ya ɗauke shi ya yi ritaya. Ba mugu ba ne, kuma abin da ya fi ɓata wa Nahum rai shi ne yau yana da gaskiya. Ya ce mamacin Musulmi ne, yau za a sallace shi bayan la'asar, mutanenmu kuwa suna warwatse daga Kampung Baru har Cyberjaya. In ba a sanar ba, wa zai tsaya a sahu?

"Kai Dakta, da girmanka, ba za ka shiga sahun ba. Mu za mu shiga. A binne babban mutum irin wannan da baƙi kawai?"

Nahum ɗan Kafanchan ne, malamin lissafi a wata kwaleji mai zaman kanta, kuma duk Lahadi da safe an san inda yake. Hannun dai bai saki ba.

Barista Halliru shi ne shugaban sashen shari'a na wata hukumar gwamnati mai kai agaji ƙasashen da ambaliya ko yaƙi ya ɗaiɗaita. Bai taɓa ɗaga buhun shinkafa ba a rayuwarsa. Aikinsa shi ne buhun ya tsallake iyakoki ba tare da ya rame a hanya ba, wanda duk mai hankali ya san ya fi ɗagawar wuya. A kowace yarjejeniya da ta bi ta teburinsa sai ya cusa sharaɗi guda: ba a ɗaukar hoton mutum yana miƙa hannu yana karɓa. Manya sun tsani wannan layin, don mene ne amfanin tausayin da ba zai fito a talabijin ba? Suka sa masa suna sharaɗin Halliru, suka sha yunƙurin mayar da mai shi sashen fansho. Sai dai duk lokacin da motoci suka maƙale a wata iyakar, shi ake nema.

Ciwon hanta ne ya kawo shi Kuala Lumpur, ya kama gidan da ke kallon na Nahum. Hutun jinya aka ba shi, amma ba a sanar da wayarsa ba. Ko a makon jiya Nahum ya same shi a kishingiɗe, idanu sun yi rawaya, muryarsa ta zama zare, yana gardama da wani jami'i a kan ko gidan sauro magani ne ko kayan ɗaki, domin motoci na tsaye a rana sai an yanke wannan hukunci. Ya ci gardamar, sannan ya yi amai a bokiti.

Bayarwa ya iya, karɓa ce ta gagare shi. Priscilla, matar Nahum, takan yi masa faten acca marar gishiri. Da farko ya ƙi. Daga baya aka yi sulhu irin na lauyoyi: za ta ajiye kwanon a kan katakon takalma, ta ƙwanƙwasa, ta koma gidanta ta rufe ƙofa. Da yamma kwanon zai dawo bakin ƙofarsu a wanke. A hukumance dai, ba wanda ya ba wani komai.

Ƙungiya ba ta san da wannan tsarin ba. Ranar da suka zo dubiya, da ledar shinkafar da suka sa aka ƙunso musu daga wurin mamak, Indiyawan nan masu sayar da abinci, abincin da mai ciwon hanta ko ƙamshinsa bai kamata ya ji ba, Zahraddeen ya miƙa ledar da hannu biyu, Barista ya miƙa nasa hannun saboda kunya. Nan take Yusha'u, sakataren yaɗa labarai, ya ɗaga waya.

"Malam, sauke wannan abin," in ji Barista, da muryar kotu.

"Sorry Sir. Na goge, wallahi."

Da suka fita Barista ya ce wa Nahum duk tsawon aikinsa yana jin wannan kalmar, amma bai taɓa haɗuwa da hoton da aka goge ba.

Jiya da yamma ne Barista ya kira Nahum. Ya riga ya ce a binne shi a nan, don ya san wahalar tsallakar da kaya iyaka, ba zai jawo wa kowa ita da gawarsa ba. Saura abu ɗaya. Ya ba Nahum labarin wani sansani da ya taɓa zuwa, inda ake karanta sunayen waɗanda suka rasu a lasifika, mutane na kan layin abinci. Wata mata ta ji sunan ɗanta, ba ta fita daga layin ba, don in ta fita babu shinkafa. Ta ci gaba da matsawa gaba da kwanonta.

"Maƙwabci, in na riga jirgin nan, kada ta ji a waya. Mutum ne zai faɗa mata. Kuma a zaune."

Nahum ya ce masa ya daina irin wannan zancen. Barista ya ce wannan ba amsa ba ce, e ko a'a yake so. Nahum ya ce e.

Shi ya sa yanzu yake riƙe da hannun shugaban ƙungiya a cikin takalman mutane. Ya gaya masa wasiyyar a taƙaice, sannan ya kawo tayi: a kira kowa, amma baki da baki, ɗaya bayan ɗaya, ban da rubutu, ban da hoto, sai yarinyar ta sauka an gaya mata. Iyayenmu sun binne mutane da yawa ba su da group.

Zahraddeen ya dubi zanen mai ratsin shuɗi ta ƙofar da ke buɗe.

"Je ka filin jirgin, Dakta. Zan kira su. Amma ka san mutanenmu."

Ya san su. Shi ya sa bai tsaya sauya riga ba. Priscilla ta biyo shi har bakin lif ta cusa masa abin cajin waya na aljihu, ta ce tasa ba ta da wuta sosai, kada a neme shi a rasa.

A jirgin ƙasan zuwa babbar tashar KL Sentral bai samu kujera ba. A na filin jirgi ya samu, ya kasa zama a kanta. Ya duba waya, shiru. Ya mayar aljihu, ya sake cirowa. Gonakin kwakwar manja na wucewa ta taga a jere, kamar sojojin da ba su da wata damuwa. Ya gwada jimlolin da zai faɗa. Ya tashi cikin Hausawa, ya san abin da ake cewa a gidan makoki, amma kullum shi mai zuwa ne bayan labari ya riga ya isa, ya zauna a tabarma ya ce Allah ya jiƙan rai. Bai taɓa zama shi ne labarin ba.

Suna wuce Putrajaya wayar ta yi motsi.

Yusha'u ne, a group ɗin ƙungiya. Mutumin da ke ganin in wani ya riga shi sanar da mutuwa, kujerarsa ta tafi. Ya rubuta salati da manyan baƙaƙe, ya jera muƙaman marigayi har da wanda bai taɓa riƙewa ba. A sama kuma ga hoton da aka goge: Barista a singileti, wuya ya zama igiya, hannu a miƙe yana karɓar leda, Zahraddeen na murmushi a gefe. A ƙasa an rubuta, ziyarar jinƙai ta ƙarshe da ƙungiya ta kai wa marigayi.

Nahum ya kira Zahraddeen, wanda ya riga ya gani, yana ta rantsuwa ya gaya wa Yusha'u da bakinsa. Kafin su gama magana an cire saƙon. Kafin jirgin ya tsaya kuma, ƙanwar Priscilla ta turo masa shi daga Kafanchan, tana tambaya ko wannan ba maƙwabcinsu ba ne. In ya kai Kafanchan ya dawo, to Kano ta daɗe da gani. Yanzu haka ta'aziyya na nan jibge a wayar Rufaida, tana jiran a kunna.

Allon isowa ya nuna jirginta ya sauka. Ya tsaya jikin ƙarfen da ke tare masu jira, tsakanin direbobi masu ɗaga kwali da sunayen baƙi. Mutane na fitowa kai a sunkuye, kowa fuskarsa na haske da wayarsa. Ya ƙidaya mata masu mayafi ya rasa lissafi, ya koma wancan gefen, ya dawo. Duk wadda ta fito sai ya fara duba idonta, ko ya yi ja. Ya kama kansa yana addu'ar Allah ya sa layin shige da fice ya yi sauri, sannan ya tuna a kan layi ne mutum ke da lokacin duba waya.

Ya gane Rufaida daga kiran bidiyon da take yi da uban. Goshin Barista ne, da tafiyarsa ta mai zuwa gyara wani kuskure. Tana tura keken kaya, wayar na hannunta. Da ta hango shi sai ta yi murmushi.

"Baba Nahum, sannu. Kai da kanka? Wayata ta mutu tun Doha, na manta igiyar a babbar jaka. Kana da power bank? In kira Abba in ce na sauka, kada ya fara kiran kamfanin jirgin yana karanta musu doka."

Abin cajin na aljihunsa na dama, yana jin nauyinsa a cinya. Ya ɗora tafin hannu a kai.

"Ba ni da shi. Zo mu zauna tukuna."

"Haba Baba, tun jiya nake zaune. Mu tafi kawai, na kawo masa kuka da daddawa, yau sai ya ci tuwo ko likita bai so."

"Zauna dai, 'yata."

Ta dube shi. Murmushin bai tafi gaba ɗaya ba, ya dai tsaya inda yake. Akwai jerin kujerun ƙarfe kusa da wani shagon shayi. Ya karɓi keken ya tura can, ya jira ta zauna, sannan ya zauna a gefenta. Duk jimlolin da ya shirya sun tsere.

"Rufaida, sai haƙuri. Allah ya yi wa Barista rasuwa yau da hantsi. Ina wurin. Bai sha wuya ba."

Ta yi salati a hankali, ta maimaita, ta sake maimaitawa har muryar ta ƙare. Ba ta faɗi ba, don babu inda za ta faɗa. Ta kama ƙarfen kujerar da hannu ɗaya. Lasifika na kiran wani fasinja da ya makara. Nahum ya gaya mata za a yi sallar bayan la'asar, ana jiranta, mutane za su zo da yawa.

Can ta ce, "Ya bar wata magana?"

"Ya ce a zaunar da ke."

Wani sauti ya fito mata, rabi dariya rabi kuka. "Abba kenan," ta ce, ta ja mayafi ta rufe fuska.

Wayar Nahum ta sake motsi a aljihu. Ya lalubo ta ba tare da ya ciro ba, ya danne har ta yi shiru. Ƙamshin daddawa na fitowa kaɗan-kaɗan ta bakin jakar. Wayar Rufaida kuwa tana kan cinyarta, fuskarta baƙa ƙirin, babu komai a ciki sai fitilun rufin filin jirgin.