Dattijo a Cikin Rumbu

Sandar da ake takawa a fita daga rumbun ta karye ne daidai lokacin da Malam Dabo ya ɗora mata ƙafa ta biyu. Ya koma ƙasa daɓas a kan ragowar gero, da ƙullin goro a hannu, da ɓari guda a kunci. Ya ɗaga kai. Rumbun ƙasa ne mai zurfi, kuma bana gero ya ja baya, ko ya yi ɗage yatsunsa ba sa kai bakin.

Faɗuwar ba ita ce damuwarsa ba. Sati uku da suka wuce, da aka shiga azumin da ake yi kafin Ista, Fasto ya yi wa'azi a kan musun kai, ya ce kowa ya bar wani abu da ransa ke so. Malam Dabo, dattijon coci, ya miƙe ba wanda ya tambaye shi, ya ce shi ya bar goro kwana arba'in, kuma ba ya bukatar kowa ya tuna masa. Har maƙwabtansa Musulmi sai da labarin ya kai musu, mai goron kasuwar Ɗanbatta ma ya aiko masa da jaje. Kwana huɗu ya yi. A na biyar ya samo ƙulli ya ɓoye a rumbu, tun daga ranar kuwa ya zama mutum mai yawan duba lafiyar gero.

Shi dai a rayuwarsa bai taɓa cewa a taimake shi ba. Yakan je gayyar kowa, amma bai taɓa kiran gayya a gonarsa ba. Bara da bayansa ya riƙe, da rarrafe ya gama cirar gyaɗa.

Ya yi tsalle sau uku, sai bayansa ya tuna masa da bara. Sai ya durƙusa ya yi addu'a, ya roƙi Ubangiji ya fitar da shi, amma don Allah a sirrance. Ya kawo misalin Yunana, wanda kifi ya ajiye a bakin teku ba kowa a wurin.

Bai rufe baki ba ya ji sallama. Ya manta shaf yau Talata ce, kuma a gidansa matan zumuntar coci za su taru. Mata goma sha biyu suka shimfiɗa tabarmi a inuwar rumbun, suka hau waƙa da kiɗan tulu. Rana ta take, rumbun ya zama kamar tukunya a kan murhu. Ƙaiƙayi ya cika masa wuya. Atishawa ta taso, ya jira aka kai amshi sannan ya sake ta, wata daga waje ta ce kajin gidan nan na bukatar magani.

Da aka zo roƙon addu'a, ya ji muryar matarsa Mairo. Ta ce a sa mijinta a ciki. Ta ce goron bai dame ta ba, mutumin da ya bar goro ba ya dawowa daga duba gero da jan baki. Matan suka kwashe da dariya, Malam Dabo ya haɗiye ɓarin da ke kuncinsa bai tauna ba. Sannan muryarta ta sauka. Ta ce shekara talatin suna tare, bai taɓa ce mata ya gaji ba, tana tsoron wata rana ya faɗi a gona ya mutu don kada ya kira wani. Wannan ta shige shi sosai, kunya ta kama shi, da tausayinta.

Baba Talatu, tsohuwar da ta fi kowa daɗewa a addu'a, ita ta karɓa. Ta fara daga Adamu, ta bi ta kan Fir'auna, da kyar ta iso kan Dabo.

“Ya Uba,” in ji ta, “ka sa bawanka a inda ƙarfinsa ba zai fitar da shi ba. Ka matse shi. Ka ƙara masa zafi har sai ya buɗe baki ya kira 'yan'uwansa.”

Matan suka ce amin da ƙarfi. Ta ja numfashi za ta ƙara.

“Baba Talatu, ya isa haka,” in ji rumbun. “An riga an amsa.”

Mata biyu suka zura da gudu har ƙofar gida, mai tulu ta rungume tulunta. Mairo kaɗai ba ta motsa ba.

“Malam, kai ne? Me kake yi a ciki?”

“Gero nake dubawa.”

“To, a duba lafiya. Baba, ci gaba.”

Sannan muryar ta fito ƙasa-ƙasa.

“Mairo, ba zan iya fita ba. Ku taimake ni.”

Igiyar guga aka kwanto. Mairo ta hau tsani ta zura masa, sauran suka ja daga ƙasa, Baba Talatu na ba da umarni. Ya fito fari fat da ƙura, zangarniya maƙale a hula. Ba wadda ta yi dariya sai da ƙafarsa ta taɓa ƙasa, daga nan kuma ba wadda ta iya dainawa.

Ya miƙa wa Mairo ƙullin goron a gaban kowa, ya ce ta riƙe masa har Ista, shi kaɗai ba zai iya ba. Ta karɓa ta ɗaure a bakin zane. Ya sunkuya yana neman takalmansa, ya tuna a gindin tsani ya cire su. Ba su nan. Mairo ta ɗaga gefen tabarmar da ta zauna a kai ta zaro su, ta kakkaɓe, ta ajiye masa a gabansa.